Manyan Jiragen Ruwa: Gudunsu da Ƙarfin Injinsu

Ƙasar Adar ba ta da teku. Daga Tawa sai mota ta ci fiye da kilomita 1,000 kafin ta kai bakin teku. Duk da haka Adarawa sun san jirgin ruwa. Ƴan bida masu zuwa Abijan, Kwatano, Lome da Legas sun gan shi da idonsu. Tsofaffin soji na zamanin Faransa sun shige shi. Wanda bai taɓa barin ƙauye ba ma yana cin moriyarsa, domin shinkafar waje da shayi da babura, duk jirgin ruwa ne yake kawo su kafin su iso kasuwar Tawa.

Idan ɗan bida ya dawo gida, yara da manya sukan tambaye shi: jirgin nan yana gudu kamar mota? Injinsa ya kai na tirela nawa? Wannan darasi zai amsa tambayoyin biyu. Zai kuma nuna dalilin da ya sa jiragen da suka fi kowa gudu suka ƙare, masu tafiya sannu suka rage.

1. Wane irin jirgi ake nufi?

Kafin jirgin sama ya yawaita, duk mai son ƙetare teku sai ya shiga jirgin ruwa. Akwai manyan jirage da aka ƙera don ɗaukar mutane da wasiƙu. Kowane yana da hanyarsa, da ranar tashi, da ranar sauka, kamar motar fasinja ta Tawa zuwa Yamai.

Girmansu ya wuce misali. Wani jirgin Faransa mai suna France, wanda ya fara aiki a 1962, tsawonsa mita 316 ne, wato filin ƙwallo uku a jere. Yana ɗaukar fasinja wajen 2,000 da ma'aikata fiye da 1,000. A cikinsa akwai ɗakunan kwana da wurin cin abinci da likita. Gari guda ne yake tafiya bisa ruwa.

Babbar hanyarsu ita ce tsakanin Turai da Amurka, cikin tekun Atlantika. Nisanta wajen kilomita 5,500 ne. Daga Tawa zuwa Yamai wajen kilomita 550 ne. Ke nan ƙetare tekun kamar a yi Tawa zuwa Yamai ne sau 10.

2. Yadda ake auna gudun jirgi

Gudun mota ana auna shi da kilomita a cikin awa ɗaya. Masu aikin teku suna da nasu ma'auni, sunansa ƙulli.

Ga asalin sunan. A zamanin da, matuƙa suna da doguwar igiya wadda aka yi wa ƙulle-ƙulle, tsakanin kowane ƙulli da na gaba tazara ɗaya. Sai su ɗaura katako a bakin igiyar, su jefa shi ruwa. Katako ya tsaya, jirgi yana gaba, igiya tana zarewa. Mutum ɗaya yana ƙirga ƙullin da suka wuce ta hannunsa cikin wajen rabin minti. Idan 8 suka wuce, sai a ce jirgi yana gudun ƙulli 8. Yanzu na'ura ce take awon, amma sunan yana nan.

Ƙulli ɗaya daidai yake da mita 1,852 a cikin awa ɗaya, wato kusan kilomita 2. Jirgi mai ƙulli 10 yana cin kilomita 18 da rabi a awa. Mai ƙulli 30 yana cin kusan kilomita 56.

Wani zai ce: “Ashe babur ma ya fi shi gudu!” Gaskiya ne. Amma babur yana tsayawa shan mai, mai tuƙi kuma yana gajiya. Jirgin ruwa ba ya tsayawa dare da rana. Mai ƙulli 30 yana cin fiye da kilomita 1,300 daga safiyar yau zuwa safiyar gobe, ɗauke da mutum dubu uku da abincinsu da ruwan shansu.

3. Yadda ake auna ƙarfin inji

Ƙarfin inji ana ƙirga shi da doki. Wani maƙeri ɗan ƙasar Birtaniya, James Watt, shi ya yaɗa wannan awo fiye da shekara 200 da suka wuce. Yana sayar da injuna ga mutanen da suka saba aiki da dawaki, don haka yake gaya musu doki nawa injin zai maye.

Ƙarfin doki ɗaya shi ne ƙarfin da zai ɗaga kilo 75 sama, tsawon mita ɗaya, cikin daƙiƙa ɗaya. Kilo 75 buhun siminti ɗaya da rabi ne.

A duba misali a bakin rijiya. Zurfin rijiya mita 30. Wasaki cike da ruwa ya kai kilo 75. Idan sa ko raƙumi ya fid da shi cikin daƙiƙa 30, dabbar ta yi aikin doki ɗaya. Mutum mai lafiya, idan zai wuni yana aiki, ƙarfinsa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na doki ba.

Injin ban ruwa na garka yana da wajen doki 5.
Babur yana da wajen doki 10.
Babbar tirela tana da wajen doki 400.

A riƙe waɗannan lambobi, za a bukace su nan gaba.

4. Yadda inji yake tura jirgi

Kowa ya ga murfin tukunya yana rawa idan ruwa ya tafasa. Tururi ne yake ɗaga shi. Da wannan ƙarfin manyan jirage suka yi aiki. A cikin jirgi akwai manyan tukwane na ƙarfe cike da ruwa, ana hura musu wuta. Tururi ya fito da ƙarfi ta bututu, ya juya inji. Inji ya juya wani dogon ƙarfe mai kauri wanda ya fita ta bayan jirgi. A bakin ƙarfen akwai farfela, ƙarƙashin ruwa. Farfela ta tura ruwa baya, jirgi ya yi gaba, kamar yadda masunci yake tura ruwa da filafili. Manyan jiragen suna da farfela 4.

Da farko kwal ake ƙonawa, wato gawayin ƙasa, irin wanda ake haƙa a Cirozerin, irin wanda aka gano a Salkadamna cikin jihar Tawa. Mutane ne suke zuba shi a wuta da shebur, cikin zafi da ƙura, ana canjin aiki dare da rana. Bayan yaƙin duniya na farko aka koma ƙona baƙin mai. Jiragen yanzu galibi injinsu irin na tirela ne, sai dai ya kai girman gidan sama.

5. Tseren ƙasashe

Ingila, Jamus, Faransa, Italiya da Amurka sun yi fiye da shekara 100 suna tsere. Jirgin da ya fi saurin ƙetare Atlantika ana ba shi wata girmamawa da ake kira Shuɗin Ƙyalle. Masu kuɗi suna son shiga jirgin da ya ci, gwamnati kuma tana ba shi ɗaukar wasiƙu. Ga kaɗan daga cikin jiragen:

A 1838, Great Western na Ingila. Doki 750. Gudu kusan ƙulli 9, wato kilomita 16 a awa. Ya ƙetare cikin kwana 15.

A 1909, Mauretania na Ingila. Doki wajen 68,000. Gudu ƙulli 26, wato kilomita 48. Ya ƙetare cikin kwana 4 da rabi. Shekara 20 ba a kayar da shi ba.

A 1935, Normandie na Faransa. Doki wajen 160,000. Gudu ƙulli 30, wato kilomita 56. Ya ƙetare cikin kwana 4 da awa 3.

A 1938, Queen Mary na Ingila. Doki wajen 160,000. Gudu kusan ƙulli 32, wato kilomita 59.

A 1952, United States na Amurka. Doki wajen 240,000. Gudu ƙulli 35 da rabi, wato kilomita 66. Ya ƙetare cikin kwana 3 da awa 10 da minti 40. Ranar gwaji ya wuce ƙulli 38, wato kilomita 71. Babu babban jirgin fasinja irinsa da ya kai shi.

Doki 240,000 daidai yake da tirela 600, ko babur 24,000, duka suna jan abu ɗaya.

A sake duba lambobin da kyau. Daga 1838 zuwa 1952 gudu ya ninka sau 4. Ƙarfin inji kuwa ya ninka sau 320. Girman jirage ya ƙaru, wannan dalili ɗaya ne. Akwai dalili na biyu.

6. Me ya sa gudu yake da tsada?

Wanda ya taɓa shiga tafkin Tabalak ya san amsa. Idan ruwa ya kai ƙirji, mutum yana iya tafiya sannu ba wahala. Idan ya ce zai yi gudu, ruwa ya tare shi kamar bango. Ko ya sa duk ƙarfinsa, saurin da zai ƙara kaɗan ne, kuma nan da nan ya gaji.

Haka jirgi yake. Ruwa yana gugar jikinsa. Gabansa yana tsaga ruwa yana ta da igiyar ruwa. Duk sa'ad da gudu ya ƙaru, ruwan da zai ture ya ƙaru, ƙarfin turewar ma ya ƙaru.

Masana sun auna abin, suka samu ƙa'ida: idan ana so gudun jirgi ya ninka sau 2, sai ƙarfin inji ya ninka wajen sau 8, wato 2 sau 2 sau 2. Idan ana so ya ninka sau 3, sai ƙarfi ya ninka wajen sau 27.

Ga misali don lissafi. A ce wani jirgi yana bukatar doki 5,000 ya yi ƙulli 10.
Don ya yi ƙulli 20, sai doki 40,000.
Don ya yi ƙulli 30, sai doki 135,000.

Kowane doki kuma sai an ciyar da shi. Abincinsa kwal ne ko mai. Jirgin da ya ninka gudunsa yana isa cikin rabin lokaci, amma a kowace awa yana shan mai sau 8. Idan aka haɗa lissafi, man tafiyar ya ninka sau 4.

Mauretania yana ƙona kwal wajen ton 1,000 a kwana ɗaya. Idan tirela tana ɗaukar ton 40, lodin tirela 25 ke nan kullum. France yana shan baƙin mai fiye da ton 700 a kwana ɗaya. Wurin da inji da mai suka cinye a cikin jirgi, wuri ne da ba a sa fasinja ko kaya ba.

7. Gudu da rayukan mutane

Labarin jirage uku ya isa misali.

Na farko Titanic, na Ingila, mai doki wajen 46,000. A tafiyarsa ta farko, cikin watan Afrilu 1912, wasu jirage suka aiko masa gargaɗi cewa akwai duwatsun ƙanƙara a hanya. Bai rage gudu ba. Cikin dare yana tafe da wajen ƙulli 22, sai masu tsaro suka hango dutsen ƙanƙara dab da shi. Jirgi mai wannan nauyi ba shi da birki irin na mota. Kafin ya kauce ya goga. Ruwa ya shiga, jirgi ya nutse. Mutum wajen 1,500 suka rasu.

Na biyu Afrique, na Faransa. Ya tashi daga Bordo ranar 9 ga Janairu 1920, zai nufi Dakar da sauran tashoshin Afirka ta Yamma. A cikinsa akwai mutum wajen 600, har da sojojin Afirka kusan 200 masu komawa gida bayan yaƙi. Iska mai ƙarfi ta taso. Ruwa ya shiga ɗakin tukwane, tokar kwal ta toshe famfunan fid da ruwa, inji ya rasa ƙarfi. Jirgin da ba shi da inji ba ya jin tuƙi. Iska ta yi ta kora shi har ya nutse, daren 12 zuwa 13 ga wata. Mutum 34 kaɗai suka tsira.

Na uku Queen Mary. A yaƙin duniya na biyu aka mai da shi jirgin ɗaukar soji. A 1943 ya kwashi fiye da mutum 16,000 a tafiya ɗaya. Jiragen yaƙin Jamus masu bi ta ƙarƙashin ruwa sun nutsar da jirage masu yawa, amma ba su iya cim masa ba, don ya fi su gudu nesa ba kusa ba.

Gudu a wurin da bai kamata ba ya kashe mutanen Titanic. Mutuwar inji ta kashe mutanen Afrique. Ƙarfin inji ya tsirar da sojojin Queen Mary.

8. Jiragen da suka zo Afirka ta Yamma

Jiragen hanyar Afirka ba su shiga tseren ba. Jean Mermoz na Faransa, wanda ya fara aiki a 1957, yana tasowa daga Marsai, ya tsaya Dakar, Konakiri, Abijan da sauran tashoshi har ƙasar Kongo. Gudunsa wajen ƙulli 17 ne. Ancerville, na 1962, yana yin Marsai zuwa Dakar da wajen ƙulli 22. Ƴan makaranta da ma'aikata da soji na ƙasashen Afirka sun yi ta zuwa Faransa da irin waɗannan jirage.

A ɓangaren Ingila akwai Aureol, wanda ya fara aiki a 1951 tsakanin Libaful da Legas. Injinsa doki 9,400, gudunsa ƙulli 16, wato kilomita 30 a awa. Tafiyar tana cin kusan mako biyu.

Masu jiragen sun yi lissafinsu. A wannan hanya tashoshi suna da yawa, ana sauke kaya ana lodi, kuma masu biyan kuɗi mai yawa don a isa da wuri kaɗan ne. Ƙarin gudu ba zai mai da kuɗin mai ba.

9. Yadda tseren ya ƙare

Abu biyu suka kashe manyan jiragen.

Na farko jirgin sama. A 1958 sababbin jiragen sama masu sauri suka fara ƙetare Atlantika da fasinja. Tafiyar kwana 5 ta koma ta awa 7 ko 8. Mai gaggawa ya bar jirgin ruwa. A 1969 aka ajiye United States, bayan shekara 17 kacal yana aiki.

Na biyu tsadar mai. A ƙarshen 1973 da farkon 1974, lokacin da fari ya gallabi Adar da dukan Sahel, kuɗin ɗanyen mai a duniya ya ninka wajen sau 4. Gwamnatin Faransa ta daina cika wa jirgin France giɓin kuɗi, aka tsai da shi a 1974. A shekarar nan Aureol ma ya yi tafiyarsa ta ƙarshe daga Legas.

A 1979 wani kamfanin ƙasar Norwe ya sayi France, ya sa masa suna Norway. Sababbin masu shi suka cire farfela 2 cikin 4, suka kashe rabin injin. Jirgi ya koma tafiya sannu, yana yawo da masu hutu, shan mai ya ragu ƙwarai. Da rabin ƙarfinsa ya ƙara aikin fiye da shekara 20.

Babban jirgin fasinja ɗaya ya rage a hanyar Ingila zuwa Amurka, shi ne Queen Mary 2, wanda ya fara aiki a 2004. Tsawonsa mita 345. Yana iya kusan ƙulli 30, amma kwana 7 yake ɗauka, don tattalin mai.

10. Jiragen kaya da kasuwar Tawa

Jiragen da suke cika teku yanzu na kaya ne. Su ma sun bi wannan lissafi. A 2008 mai ya yi tsada ƙwarai. Jiragen kwantena masu iya ƙulli 24 ko 25 suka rage zuwa wajen 18, wasu ƙasa da haka. Tafiya ta ƙara kwanaki, kuɗin mai ya ragu.

Wannan ya shafi Adar. Kayan Nijar suna sauka a tashoshin maƙwabta, kamar Kwatano da Lome. A 2023 aka rufe iyakar Nijar da Benin, kaya da yawa suka koma bi ta Lome, hanya ta ƙara tsawo. Mai sayen tiyar shinkafa a kasuwar Tawa yana biyan manomin da ya noma ta, yana biyan man jirgin ruwa, yana biyan gazuwal ɗin tirela. Jirgi mai tafiya sannu yana kwasar lodin dubban tireloli da inji ɗaya, shi ya sa kuɗin ƙetare teku ba ya yi wa buhu nauyi sosai.

11. Abin da za a riƙe

Iska ma tana tare abin hawa kamar yadda ruwa yake tare jirgi, sai dai ƙarfinta bai kai na ruwa ba. Mai babur ko direban da yake taka wuta a hanyar Tawa zuwa Abalak yana shan mai fiye da mai tafiya daidai. Idan dabba ta gitta, tsayawa ta fi yi masa wuya. Minti kaɗan yake ci riba, kuɗin mai da haɗari suna kansa.

Mai sayen injin ban ruwa shi ma ya tambayi doki nawa ne, ya gwada da zurfin rijiyarsa da faɗin garkarsa. Injin da ya yi ƙarami ba zai fid da ruwa ba. Wanda ya wuce bukata zai cinye ribar albasa. A kula da inji, a canza masa baƙin mai a kan lokaci, a share matatarsa, domin mutuwar inji a tsakiyar aiki ita ce babbar hasara. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Daga ina sunan ƙulli ya samo asali?
2. Mene ne ƙarfin doki ɗaya? A ba da misali da rijiyar gari.
3. Idan ana so gudun jirgi ya ninka sau 2, sau nawa ƙarfin inji zai ninka?
4. Waɗanne abubuwa biyu suka kashe manyan jiragen fasinja?
5. Akwai wanda ya taɓa ganin jirgin ruwa a cikin ajin? Ya ba sauran labari.

Lissafi

1. Jirgi yana gudun ƙulli 20. Mita nawa yake ci a awa ɗaya?
2. Jirgi yana ƙona kwal ton 1,000 kullum. Tafiya kwana 5 ce. Tirela tana ɗaukar ton 40. Lodin tirela nawa ake bukata?
3. Injin Aureol doki 9,400 ne. Babur doki 10 ne. Babur nawa za su yi ƙarfin Aureol?
4. Aureol yana cin kilomita 30 a awa. Kilomita nawa yake ci a awa 24? Ya kai nisan Tawa zuwa Yamai ko bai kai ba?

Amsoshi: (1) mita 37,040. (2) lodi 125. (3) babur 940. (4) kilomita 720, ya wuce nisan Yamai da wajen kilomita 170.